Tsohona Bai Gane Ba

"To da ka ce ka gane, harshenka ne zai kumbura?" na ce masa.

"Ban gane ba. Ta yaya zan ce na gane?"

"Yadda kowa yake cewa mana! Baki ake buɗewa, a ce na gane, a rufe. Yara 'yan shekara goma sha biyu suna faɗa su wuce, kai da furfurarka ka je ka tsaya kana ja da Hedimasta."

"Ban ja da shi ba, Tsohuwa. Tambayata ya yi, na ba shi amsa."

"Amsar da ta hana ka ruwa!"

Mijina ke nan na shekara arba'in da shida. Yana zaune a bencinsa na aiki a bakin ƙofa, ya kwantar da kan wani keken ɗinki a cinya yana goge masa ciki da tsumma, sai ka ce ba shi ne ya ɗebo mana abin magana da yammacin Juma'ar nan ba. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun kafin in san shi, shi ya sa kowa Mai Keke yake ce masa. Ni tela ce, har ido ya fara gaza mini. Sunan da aka liƙa mini a unguwa kuwa Rediyo, kuma sharri ne kawai. Ni dai in na ji labari ba na so ya ruɓe a cikina.

Ga yadda abin yake. A cocinmu, mai son baftisma sai ya yi mako shida a aji, sannan ya zauna gaban Hedimasta a yi masa tambayoyi. Hedimasta shi ne babban dattijon ikilisiya. Ya bar aikin makaranta tun tuni, amma aikin makaranta bai bar shi ba. Yana da wata takarda da shi ya ƙirƙiro ta shekara arba'in da suka wuce: sunan mutum a sama, a ƙasa 'yan akwati biyu, ɗaya "ya gane", ɗaya "bai gane ba", sai wurin sa hannu. Fastoci biyar sun zo sun tafi, haka suka tarar, haka suka bari. In babu hannun Hedimasta a takardar nan, ba mai shiga ruwa. Ko da ma an so a yi ba da shi ba, makullin famfon da ke cika ɗan tafkin simintin da ake baftisma a ciki yana cikin tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa. Tun daga nesa kake jin zuwansa, kacau-kacau, kamar akuyar da aka ɗaura wa ƙararrawa.

Tambayarsa ta ƙarshe ba ta canzawa. Zai ce Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kawo misalai, sannan ya leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "Ka gane?" Kai kuma ka ce, "Na gane." Shi ke nan, a wuce wurin.

Tsohona tun aurenmu yake zuwa coci, bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Shi ke ɗaure ƙafar benci in ta kwance, shi ke sa wa ƙyaure mai in ya fara kuka. Amma baftisma, a'a. Kullum maganarsa ɗaya, wai shi ba ya karɓar keke sai ya buɗe ya ga cikinsa. Na yi kuka, na yi fushi, na yi addu'a, na haɗa shi da fastoci biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in ƙyale shi, yana nazari. Shekara arba'in da shida mutum yana nazari!

Sai ga ciwon ciki. Likita ya duba ya ce akwai abin da za a yanke a cire, ya ba mu rana. Ya kuma faɗa mana gaskiya ba kwana-kwana: a shekarun Tsoho allurar barci ba wasa ba ce, akwai mai farkawa, akwai wanda ba ya farkawa. Muna dawowa gida, ko takalmi bai cire ba, ya ce, "Tsohuwa, je ki ce a rubuta sunana a aji." Ya zauna cikin yara mako shida a kan ɗan guntun benci, gwiwa tana neman taɓo haɓa. Sauran 'yan ajin sai wata mai zuwa za a yi musu, amma Fasto ya yarda a yi nasa shi kaɗai ranar Lahadin nan, don ranar Talata ce za a shiga da shi ɗakin tiyata. Na ɗinka masa farar riga da ragowar idona. Na bi gida-gida na sanar, har da waɗanda ba su tambaye ni ba. Sai ga shi yau ya je ya ce wa Hedimasta bai gane ba. Hedimasta ya sa alama a akwatin da ba a taɓa sa wa alama ba, ya ninke takarda, ya ce a dawo aji na gaba.

Aji na gaba! Wa ya yi mana alkawarin aji na gaba?

Na dubi farar rigar tana rataye a ƙusa, na dubi wuyan Tsoho da ya rame har jijiyoyi sun fito. Gaskiya ba kunyar mutane ce ta fi damuna ba, ko da yake da ita na yi ta ihu. Talatar ce ta tsaya mini a ƙirji.

"Bar ni da Hedimastan nan," na ce. "Ina da abin da in na faɗa, da gudu zai sa hannu."

Ya ɗago kai. "Me kike da shi?"

Abin da nake da shi, shi ne sirri ɗaya tak da na taɓa riƙewa a rayuwata, kuma Allah ya san ya ƙona ni. Shekara bakwai ke nan da Malama, matar Hedimasta, ta kwanta ciwo. Mako uku ikilisiya tana azumi da addu'a. Shi da kansa ya tsaya gaban jama'a ya ce ya tabbata za ta tashi. Ba ta tashi ba. Ranar da ta rasu, da tsakar rana, na kai mata ruwan zafi a fulas, ban san an riga an lulluɓe ta ba. Na tarar da shi a bayan matakalar asibiti, zaune a ƙasa dirshan, makullan nan a zube gefe. Ya kama bakin zanena ya ce, "Rediyo, ban gane ba. Duk abin da Allah ya ce na yi. Ban gane shi ba." Lahadi na zagayowa ya sa kwat ɗinsa ya tsaya ya yi wa Allah godiya, muryarsa ko rawa ba ta yi. Daga ranar bai ƙara kallona ido cikin ido ba.

Na gama faɗa wa Tsoho. Ya ɗiga mai a cikin keken, ya juya shi, ya kasa kunne yana jin ƙararsa.

"In kika faɗi wannan a gabansa," ya ce, "ko ya sa hannu sau goma ba zan shiga ruwan ba."

"Kai wane irin mutum ne? Ƙarya ba za ka yi ba, gaskiya kuma ba za ka bari in faɗa ba!"

"Ba taki ba ce. Ajiya ya ba ki."

Ranar Asabar na yi sammako gidan Fasto. Fastonmu matashi ne mai kirki, mai ilimi, amma da ya ji kacau-kacau sai ka ga ya hau gyara wuyan riga. Na zauna masa a falo na ce ba inda za ni. Matarsa ta kawo shayi na sha, ta ƙaro na sha, na ba ta labarin mutum huɗu, ina shirin shiga na biyar Fasto ya ɗaga hannu ya ɗauki waya ya kira Hedimasta. Aka sa ƙarfe goma sha biyu a sake zama. Na yi lissafi a raina: ruwan famfonmu ƙarfe huɗu yake ɗaukewa, tafkin kuma awa uku yake ci kafin ya cika. In ƙarfe ɗaya ta wuce, ko an sa hannu, sai dai a yi wa Tsoho baftisma a busasshen siminti.

A hanyarmu ta zuwa coci na yi ta koya wa Tsoho. "Ko gyaɗa kai ka yi. Gyaɗa kai ai ba magana ba ce."

"Kan mutum ma yana ƙarya," ya ce, ya ci gaba da tafiyarsa.

Muka haɗu a ƙaramin ɗakin bayan coci inda ake rataye rigunan mawaƙa. Tebur ɗaya, kujeru huɗu, agogo da kalanda a bango, sai labulen taga shuɗi mai fararen furanni. Malama ce ta ɗinka shi. Ko ido rufe na san kalmasarta, ba ta taɓa barin zare yana reto ba. Ƙofar ɗakin kuwa ta kumbura, ba ta buɗuwa sai an sa ƙarfi.

Hedimasta ya shigo, ya gan ni, ya ce wa bango, "Ban san an gayyaci gidan rediyo ba."

"Kujera kawai na zo ɗumamawa, ranka ya daɗe."

Ya zauna bakin taga, ya shimfiɗa takardar jiya, ya danne ta da makullai.

"Mai Keke, albarkacin Fasto ne ka sake samun wannan zama. Buɗe kunnenka da kyau. Ka san ruwa?"

"Na sani, Malam."

"In ya yi sanyi ƙwarai, me yake zama?"

"Ƙanƙara."

"In ya tafasa fa?"

"Tururi."

"To ka gani. Ruwa, ƙanƙara, tururi. Uku ne, amma abu ɗaya ne. Ka gane?"

Tsoho ya sosa ƙeya. Na san sosar nan. Ita yake yi kafin ya gaya wa tela cewa kekensa ya gama aiki.

"Malam, a yi mini haƙuri. In ƙanƙara ta narke, ai babu sauran ƙanƙara. Wato lokacin da Ɗan yake duniya, Uban ya narke ke nan? To da wa yake magana in yana addu'a?"

Fasto ya yi tari, ya hau kallon silin.

"Bar ruwa," in ji Hedimasta. "Ɗauki ƙwai. Ɓawo, fari, gwaiduwa. Abu uku, ƙwai ɗaya."

"In na aiki Tsohuwa ta sayo ƙwai, ta kawo mini ɓawo, ta kawo ƙwai?"

"Ba ta kawo ba."

"To ai ku kuka koya mana a aji cewa Ɗan cikakken Allah ne, ba kashi ɗaya cikin uku ba. Ɓawo kuwa ba cikakken ƙwai ba ne."

"Misali ne, Mai Keke! Misali kawai!"

"Misalin na gane shi sarai, Malam. Ruwa na gane, ƙwai na gane. Shi ne ban gane ba."

Hedimasta ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Shekara arba'in ina wannan aiki. Mutum ya fi dubu da suka zauna a kujerar nan. Ba wanda bai gane ba, sai kai."

Nan fa bakina ya ƙwace.

"Ranka ya daɗe, ni ce ta uku a ajinka na farko, ka tuna? Da goyo a bayana. Ka ba ni misalin ƙwan nan, na ce na gane. To yau a gaban Fasto ina tuba. Ban gane komai ba. Goyon ne ya jiƙa mini baya, nake neman hanyar fita."

"Ke!"

"Kuma ba ni kaɗai ba. Matar mai kanti ta ce ita tunda ka ambaci ƙwai yunwa ta kama ta, ba ta ƙara jin komai ba. Shugabar mawaƙa kuwa, wadda ke ɗaga hanci tana gyara wa mutane murya, da bakinta ta gaya mini cewa…"

"Ya isa!" Hedimasta ya juya wajen Fasto. "Kai ka yi makarantar abin. Yi masa bayani mu tashi."

Fasto ya gyara wuyan riga. Na ce a raina shi ke nan, zai gudu ya bar mu. Amma sai ya ajiye hannu biyu a kan tebur.

"Baba, shekara shida na yi a can. Gaskiya, abin da aka fi koya mana shi ne abin da ba za mu faɗa ba. Kada mu ce Allah uku ne. Kada mu ce Uban shi ne Ɗan. An kewaye mana wurin da shinge don kada mu faɗa rami, amma abin da ke tsakiya, ba wanda ya ce ya ga iyakarsa. Malaminmu mafi tsufa, in aka kawo nan, sai ya ajiye alli ya ce mu tashi mu yi waƙa."

"Wato kai ma ba ka gane ba?"

"Na gaskata, Baba. Ganewa kuwa, ina hanya."

Fuskar Hedimasta ta haɗe kamar hadari. Ya mayar da tabarau, ya ɗora hannu a kan takarda.

"To ni ba na sa hannu a kan rashin sani. Wanda bai san abin da zai shiga ba, ya tsaya a waje har ya sani. Ni tunda nake, ban taɓa buɗe baki na ce ban gane Ubangijina ba."

Jama'a! Maganar ta taso mini tun daga cibiya, ta hau ƙirji, ta zo ta cika mini baki. Shekara bakwai tana ɗaure, ga shi da kansa ya kwance mata igiya. Na dubi agogo, ɗaya saura minti ashirin. Na dubi wuyan Tsoho. Na ce, "Ranka ya daɗe…"

Sai na ji takalmin Tsoho a kan ɗan yatsan ƙafata, wanda da ma ciwo yake mini. Bai ko kalle ni ba.

Hedimasta kuwa ya kalle ni. Karo na farko a shekara bakwai. Ya san abin da ke bakina, ni ma na san ya sani. Ya zauna ƙiƙam kamar mai jiran mari.

Na haɗiye ta da zafinta. Ban taɓa haɗiyar abu mai ɗaci irinta ba.

"Ƙarfe ɗaya ta kusa," na ce. "Shi ke nan abin da zan ce."

Tsoho ya ɗage ƙafarsa, ya gyara zama.

"Malam, bari in faɗi nawa, sannan ka yi yadda ka ga ya dace. Keken ɗinki, ko wace ƙasa ce ta ƙera shi, ka ba ni awa biyu in zube maka shi ƙusa-ƙusa in mayar. Na san daidai inda zaren sama yake kamo na ƙasa. Na sani ne don mutum irina ya ƙera shi. To shekara arba'in da shida ina zaune a bencin baya ina jira in buɗe Allah haka in ga cikinsa. Ranar da likita ya yi maganar nan, muna tafe gida, na ce wa kaina, kai wawa, in har ka buɗe shi ka ga iyakarsa, ai sa'anka ne. Sa'anka kuwa me zai yi maka ranar Talata in an kashe maka jiki?" Ya nuna ni da haɓa. "Ga wannan. Ta suturta rabin unguwa, har yau ba ta san yadda zare biyun nan suke haɗuwa ba."

"Kada ka sa ni a ciki," na ce. "Ni dai in na taka, ɗinki yana fita."

"Shi ne ai. Malam, na gaskata da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya. Na ba shi kaina, da cikin nan mai ciwo da komai. Amma in ka ce in ce na gane, ƙarya ce, kuma ba na so in shiga ruwan nan da ƙarya a bakina. In babu hali, ba komai. Ya san na zo."

Iska ta ɗago labulen nan shuɗi ta ɗora shi a kafaɗar Hedimasta. Bai ture ba. Ya kama bakinsa da yatsu biyu yana murza kalmasar, a hankali, a hankali, idonsa a kan tebur. Fasto ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi ya rufe.

Can sai Hedimasta ya saki labulen. Ya janye makullai daga kan takarda, ya zaro biro daga aljihun gaba. Ya rubuta wani ɗan abu, sannan ya sa hannu, irin sa hannun nan nasa mai doguwar jela. Ya tura wa Fasto, ya miƙe yana ɗaura makullai a ƙugu.

"Alamar tana nan inda na sa ta jiya. Bai gane ba, kuma ba zan goge ba. Hannu dai na sa." Ya dubi agogo ya ja tsaki. "Kun zaunar da ni da surutu, ruwa kuma ba jiran kowa yake yi ba. Fasto, ina aka jefa tiyon nan? Mai Keke, gobe ka zo da tawul ɗinka, ba na ba da aron nawa."

"To, Malam. Na gode."

Ni kuwa tuni na miƙa wuya ta kan kafaɗar Fasto. Karatuna na aji uku ne na firamare, sai na bi da yatsa, amma kalma biyu ba su fi ƙarfina ba. Suna nan a ƙarƙashin akwatin "bai gane ba", da kyakkyawan rubutun nan na shugaban makaranta.

"Ni… ma," na karanta.

Laifin malamarmu ta aji uku ne, ba ta koya mini karatu a zuci ba.

Hedimasta ya juyo daga bakin ƙofa. "Rediyo! In na ji wannan a bakin mutum ɗaya a unguwar nan…"

"Ni? Haba, ranka ya daɗe. Ai kai shaida ne ina iya riƙe ajiya."

Ya tsaya yana kallona. Gefen bakinsa ya motsa, ko dariya ce ko kuka, har yau ban sani ba.

"Sau ɗaya," ya ce. "Sau ɗaya a shekara saba'in!"

Ya fizgi kumburarriyar ƙofar nan da hannu biyu, ya fita kacau-kacau ya nufi famfo, ya bugo ta da ƙarfin da sai da kalanda ta faɗo daga bango.